Kafin Ka Cire Ranfilat, Ɗauko Alƙalami

Da wuya mutum ya sayi BMW 'yar Kwatano, ko Mini, ko wata Marsandi ta shekarun baya-bayan nan, ya yi wata uku bai ji shawarar nan ba: cire tayoyin ranfilat ɗin nan, ka sa na gama-gari, ka huta. Bakanike zai faɗa, mai shagon taya zai faɗa, abokin da ya riga ka yi zai rantse maka cewa motarsa ta koma sabuwa. Hujjojinsu uku ne, kuma babu ƙarya a ciki: taya ta gama-gari ta fi araha, ta fi laushi a kan hanya, kuma kowane mai faci na iya taɓa ta. Lissafin ne ban yarda da shi ba. Ana jera farashin taya ɗaya kusa da farashin taya ɗaya, a rufe littafi, kamar dai babu wani abin da ke fita daga aljihu bayan wannan.

Ranfilat taya ce da aka ƙara wa gefenta roba mai kauri da tauri, yadda ko iska ta fice ƙarƙaf gefen zai ɗauki nauyin motar. Alkawarin da yawancin kamfanoni ke yi shi ne tafiyar kilomita 80 a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Kowane kamfani da alamarsa a jikin tayar: Bridgestone na rubuta RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF, Marsandi kuma na amfani da MOE, BMW da RSC. Chevrolet Corvette ta 1997 ta fito da irin wannan taya ba tare da safaya ba, amma BMW ce ta mai da abin ruwan dare, daga Z4 da jerin 5 na 2003 zuwa jerin 3 na 2005, wanda makanikai ke kira E90. Dalilin kamfanin ba ɓoyayye ba ne. Idan taya za ta iya kai kanta wurin gyara, babu buƙatar safaya, babu jak, babu ramin ajiye su, an rage nauyi an sami fili.

Nan ne bashin farko yake, domin duk abin da kamfani ya cire saboda ranfilat, kai za ka mayar da shi da kuɗinka ranar da ka rabu da ita.

Ɗaga kafet ɗin but ɗin E90 ka duba. Babu ramin safaya, batir ma a gefen but ɗin yake zaune. Saboda haka sai ka nemi rim, kuma ba kowane rim ba. Tazarar ramukan noti a BMW na wancan zamani 5x120 ce, sababbin da suka biyo baya daga kusan 2019 a jerin 3 suka koma 5x112, Camry kuwa 5x114.3 ce. Wato safayar maƙwabcinka ba za ta shiga ba ko da kana kuka. Rim ɗin kuma dole ya wuce kan burkin gaba ba tare da gogawa ba, abin da ke hana ƙananan rim shiga motoci masu babban inji. Bayan rim sai tayar da za ta hau kansa, sai jak mai dacewa da robobin da ke ƙarƙashin motar, don jak ɗin gama-gari yana murƙushe su, sai sifana mai lamba 17. Idan siririyar safaya ka saya, ita ma iyakarta kilomita 80 a awa, kuma tana son iska har 60 a geji, abin da mutane ke mantawa har ranar da za su ciro ta su tarar da ita a kwance. Sannan duk wannan kaya zai zauna ne tsirara a tsakiyar but. Wanda ke zuwa gida da iyali lokacin Sallah ya san abin da rasa wannan filin ke nufi, ko da ba a rubuta shi a rasit.

Wasu na tsallake safaya su sayi kwalbar gam da ɗan famfon da ake jonawa a soket ɗin mota. Motocin BMW masu alamar M ma haka akasarinsu ke fitowa daga kamfani, da taya ta gama-gari da kwalbar gam, kuma masu shawarar cirewa na son kawo wannan hujja. To amma gam ɗin ƙusa yake toshewa, ramin da bai wuce 'yan milimita ba a tsakiyar zanen taya. Ba ya ɗinke gefen da bakin rami ya yaga, kuma a hanyoyinmu wannan ce mutuwar da ta fi kashe taya. Gam ɗin yana da ranar lalacewa, zafin but na gaggauta ta, kuma yana iya toshe sensar iska idan motar na da ita a cikin rim. A Najeriya akwai ƙarin magana: rashin safaya na cikin laifuffukan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke rubuta wa direba takarda a kai. Mai ranfilat na da abin da zai nuna a gefen tayarsa ya yi gardama, ko ya ci ko ya faɗi. Mai taya ta gama-gari da kwalbar gam ba shi da bakin magana.

Bashi na biyu shi ne adadi. Galibi tunanin canji na zuwa ne ranar da taya ɗaya ta mutu aka ji kuɗin sabuwarta. Sai dai ba a haɗa ranfilat da ta gama-gari a aksil ɗaya, kamfanonin taya kuma na gargaɗi a kan haɗa su ko da gaba da baya ne, saboda taurin gefensu ba ɗaya ba ne, kuma a kwana mai kaifi ko burkin gaggawa motar za ta yi abin da direba bai zata ba. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, wato xDrive, abin ya fi tsanani: bambancin kewayen tayoyi na wahalar da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, gyaransa kuwa ya fi kuɗin tayoyin nesa ba kusa ba. Ke nan huɗu za ka saya a tashi ɗaya, ka zubar da sauran rayuwar ukun da ba su yi laifin komai ba. Mai shago zai karɓe su a wulaƙance, gobe ka gan su a jere ana yi wa wani ciniki.

Mu buga misali da lambobin da na ƙirƙira don sauƙin lissafi kawai. A ce taya ta gama-gari mai suna tana 100, ranfilat irinta tana 140. Wanda taya ɗaya ta mutu masa, in ya tsaya kan ranfilat zai biya 140, ko 280 idan ya canza biyu don su daidaita. In ya sauya sheƙa zai biya 400, ya ƙara safaya da rim da jak, a ce 120, jimla 520. Ko da duka huɗun sun suɗe tare, 560 ne a kan 520. Ribar zagayen farko ke nan, ba ta kai rabin kuɗin taya guda ba. Sai a zagaye na biyu, bayan shekara biyu ko uku, ake fara ganin rarar gaske, idan har motar na hannunka a lokacin. Sa lambobin kasuwarku a gurbin nawa, siffar lissafin ba za ta canza sosai ba.

Inda arahar ke bayyana da girma shi ne idan aka sauko daga Michelin ko Bridgestone zuwa taya marar suna, ko zuwa ta hannu. Wannan kuwa wani ciniki ne daban da aka saka wa rigar wancan. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Legas a 2008, kusan duk abin da ke ƙafar motocinmu daga waje yake zuwa, mai kyau da marar kyau a kwantena ɗaya. Shi ya sa ake duba gefen taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Akwai kuma lambar nauyi da harafin gudu, kamar 91W ko 94Y, waɗanda ba a sauka ƙasa da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Motoci da yawa tayar bayansu ta fi ta gaba faɗi, misali 225/45 R17 a gaba da 255/40 R17 a baya, kuma na ga inda aka jera girma ɗaya a duka huɗun don shi ne ke shago.

Kada a ɗauka ina kare ranfilat ne. Alkawarinta an auna shi ne da hanyoyin Jamus, inda kilomita 80 ke kai ka garin da ke da irin tayarka a kan kanta. A nan kilomita 80 tazarar Zariya zuwa Kaduna ce, kusan. Wanda taya ta sace masa a tsakanin Potiskum da Damaturu zai iya isa gari, amma samun 255/40 R17 mai alamar RSC a can wani labari ne. Tayar da aka taka babu iska kuma yawanci ta gama aiki, domin zafi na cinye cikin gefenta inda ido ba ya gani, shi ya sa wasu kamfanoni suka hana yi mata faci kwata-kwata. Taurin gefen na sa mai faci da ƙarfen hannu ya kankare rim ko ya karya sensa kafin ya ɓare ta. A rami kuwa, maimakon roba ta shanye dukan, sai ya wuce kai tsaye ga rim da shokazoba, gefen ya kumbura, rim ya tsage. Kuma ranfilat ba ta nuna ta sace da ido. Idan fitilar gargaɗin iska a dashbod ta lalace, ko an saba ganinta a kunne har an daina kula ta, kamar yadda take a motocin hannu da yawa, to direba na iya zuba gudu 130 a kan taya marar iska bai sani ba. A irin wannan mota ranfilat ta fi ta gama-gari haɗari.

Laushin taya ta gama-gari ma gaskiya ne, kuma a ganina shi ne kaɗai ribar da ake karɓa nan take. Ƙarar cikin mota na raguwa, ƙananan ramuka na daina bugun ƙugu. Kuɗinsa shi ne sitiyari ya ɗan rage kaifi, tunda an tsara ƙafafun motar ne da taya mai taurin gefe. Mai zirga-zirga cikin gari ba zai damu ba. Sai dai a san cewa ranfilat na yanzu sun fi na 2005 laushi sosai, kuma yawancin masu rantsuwa da canjin suna kwatanta sabuwar taya ce da tsohuwar da ta shekara shida ta bushe. Kowace sabuwar taya za ta ci wannan gasar.

Saura abu ɗaya da ba shi da farashi a shago, kuma shi ake bari a ƙarshe ko a manta. Idan taya ta gama-gari ta fashe a guje, motar na fizga gefe guda, kuma dole a tsaya a inda abin ya faru. Ranfilat na riƙe motar a miƙe, ta bar wa direba zaɓin inda zai tsaya. Ga wanda ke yawo tsakanin gida da ofis da rana, masu faci a kowace kwana, wannan zaɓin bai kai kuɗinsa ba, kuma idan tayoyinsa huɗu sun suɗe ya sauya, muddin safaya da jak sun shiga but a ranar, ba wata mai zuwa ba. Wanda ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna bayan magariba kuwa, ko wanda mai ɗakinsa ke tuƙa motar da yara a baya, ko dattijon da ba zai iya kwance notin da injin iska ya ɗaure ba, shi sai ya fara tambayar kansa nawa zai biya don kada ya tsuguna minti ashirin a gefen daji da fitilar waya a baki.