A Tallafa wa Makanikan Ƙofar Ruwa

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi kira ga gwamnatin Jihar Kano.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, komai ya tashi, har motar tokumbo ta fi ƙarfin talaka. Ni da wata tsohuwar a-kori-kura nake kai gerona kasuwar Dawanau. Injinta daga wata mota aka ciro, giya daga wata, duk a Ƙofar Ruwa na tsinto su, mai walda ya yi mata bodi. Ba don ita ba, da kuɗin dako ya cinye ribata.

Basira kam muna da ita. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, har ya ɗaga sama.

Sai dai yanzu 'yan jari bola na auna tsofaffin motoci a kilo, a kai a narke, kayan gyara su ƙara tsada. Don Allah a ba makanikai rance su riƙa saye kafin a narke, kuma 'yan VIO su riƙa duba birkin irin waɗannan motoci, domin rai ba shi da safaya.

Daga wani manomi,
Unguwar Dala, Kano.