BA KOWANE CIWON MARA NE "SANYI" BA

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, duk macen da ta yi kukan ciwon mara da yawan fitsari, kafin ta rufe baki an yanke mata hukunci cewa sanyi ne. Daga nan sai a aika yaro kemis ya sayo kafso, ta sha mako guda, ciwo ya lafa ko ya ƙi lafawa, bayan wata ɗaya a sake aikawa. Akwai matan da suka yi shekaru a kan wannan hanya, kuɗi suna ƙarewa, ciwo yana nan inda yake, alhali kuwa ba a taɓa auna fitsarinsu ba. Wannan al'ada tana ɓarna, kuma lokaci ya yi da za a dube ta da idon basira.

Daga cikin cututtukan da sunan sanyi ya lulluɓe akwai ciwon mafitsara mai naci, wanda likitoci ke kira intastishiyal sistaitis. Tun a 1915 wani likita Ba'amurke, Guy Hunner, ya wallafa bayanin gyambon da ake samu a mafitsarar wasu masu wannan ciwo. Alamarsa ita ce zafi ko nauyi a mara wanda ke ƙaruwa yayin da mafitsara ke cika, ya ragu kaɗan bayan an yi fitsari, tare da matsuwa dare da rana. Likitoci suna zarginsa idan alamun sun wuce mako 6 kuma awo bai nuna ƙwayar cuta ba. Ya fi kama mata, amma maza ma ba su tsira ba. Har yanzu ba a gano ainihin abin da ke haddasa shi ba, ba a kuma sami maganin da ke kawar da shi ɗungurungum ba. Sai dai ana iya rage shi ƙwarai har mutum ya koma harkokinsa.

Wanda bai ɗanɗana ba yana iya raina shi, don ba ya barin tabo a fatar jiki. Amma mai lafiya yakan yi fitsari sau 6 zuwa 8 a yini, mai wannan ciwo kuwa yana iya ninka haka sau da yawa. Barci ya gagara, zama cikin mota zuwa kasuwar Shinkafi ya zama azaba, riƙe alwala ya yi wuya, kwanciyar aure ta zama abin tsoro. Abin da ya fi ciwo shi ne zargi: miji ya ɗauka cutar da ake ɗauka wajen saduwa ce, dangi su ce raki ne. Wannan ciwo ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma mai shi ba ƙarya yake yi ba.

Duk da haka, kuskure ne mutum ya laƙaba wa kansa wannan suna, domin a wannan yanki akwai abin da ya wajaba a fara nema, watau tsargiya. Kogin Gagare da na Bunsuru, da fadamu da kududdufan da ake wanka da wanki a cikinsu, wurare ne da katantanwar da ke ɗauke da cutar ke iya zama. Tsargiya tana kawo zafin fitsari da jini, idan ta daɗe kuma tana iya jawo kansar mafitsara. Ana ganin ƙwanta a madubin likita cikin fitsarin da aka karɓa da tsakar rana, maganinta kuma, firazikwantal, mai araha ne. Bayan ita akwai tsakuwar mafitsara, da tarin fuka da ke sauka mafitsara, da kumburin ƙululun da ke tare hanyar fitsari ga dattawa maza. Sai an kawar da waɗannan kafin a ce ciwon nan mai naci ne.

Idan an tabbatar, magani hawa-hawa ne, ana farawa da abin da ba ya cin kuɗi. Masu ciwon da yawa suna samun sauƙi idan suka rage shayi da kofi da goro da yaji da lemon kwalba da kayan tsami. Dabarar ita ce a bar su na 'yan makonni, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a gane wanda ke ta da ciwon. Ƙin shan ruwa don gudun fitsari yana ƙara zafi ne kawai. Gasa mara da ruwan ɗumi yana taimakawa. Idan wannan bai isa ba, likita yana iya ba da amitiriftilin kaɗan da dare, wanda ke rage zafi, ko da yake yana sa barci da bushewar baki. Akwai fentosan, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, amma yana da tsada, kuma a 2020 aka ƙara masa gargaɗin cewa daɗewa a kansa yana iya taɓa ido. Daga nan sai aikin ƙwararru: leƙa mafitsara da na'ura, da zuba magani a cikinta, da ƙona gyambon idan an same shi.

Babban haɗari yana wajen neman kashe zafi. Kafson kashe ƙwayoyin cuta ba ya amfani inda babu ƙwayar cuta, yawan shansa kuma yana sa ya ƙi aiki ranar da ake bukatarsa. Dikulofenak kullum yana cin ciki da ƙoda. Taramadol kuwa yana kwantar da zafi yau, gobe ya kama mutum ya ƙi saki. Ƙasar nan ta ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shi a 2018.

Wani zai ce talakan ƙauyen Zurmi ba shi da zaɓi, tun da ƙwararrun likitocin mafitsara sai a manyan asibitoci irin na Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga kuɗin mota, ga 'yan bindiga da suka addabi hanyoyin yankin. Maganar tana kan hanya, amma hujja ce a kan hukuma. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta tabbatar cewa manyan asibitocin garuruwan nan uku suna iya awon fitsari cikakke a farashin da talaka zai iya biya, ta sa ƙwararren likita ya riƙa zuwa Ƙaura Namoda lokaci-lokaci, ta kuma tanadi ma'aikata mata waɗanda mace za ta gaya wa damuwarta ba kunya. Masu kemis su ma a ja musu kunne: wanda ya dawo karo na biyu da ciwo iri ɗaya, a tura shi asibiti.

Magidanta kuma nasu nauyin yana nan. Kuɗin da aka kashe a kafso cikin shekara guda sau da yawa ya isa awo da ganin likita. Matar da ta daɗe tana kukan mara, a kai ta a auna ta, a kuma gaskata ta ko da awon farko bai nuna kome ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya.