Tikitin Hajiya ya fi littafin lissafi

Da tikitin hajjin uwarmu ya iso, gardama ta kaure a tsakar gida. An rubuta jirgi zai tashi daga Yamai ƙarfe 10 na dare, ya sauka Jidda ƙarfe 5:30 na asuba. A dawowa kuwa zai bar Jidda ƙarfe 10 na safe, ya iso Yamai 1:30 na rana. Zuwa awa bakwai da rabi, dawowa uku da rabi. Ƙanena ya ce ai hanyar komowa gida kullum ta fi sauri. Na juya ga ɗana, ɗan kwaleji, wanda ya haddace dokar gudu da nisa da lokaci da Faransanci, yana rera ta kamar waƙa. Ya yi shiru.

Wannan shirun ne ya dame ni, kuma laifin namu ne, mu malamai.

Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kimanin kilomita 4,000 ne a miƙe. Babban jirgi yana cin wajen kilomita 800 a awa. Yaron CM2 zai iya rabawa ya samu awa biyar, a ƙara ɗan lokacin tashi da sauka ya zama biyar da rabi, zuwa da dawowa. Sauran rikicin na agogo ne. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu, tikiti kuma yana rubuta agogon garin da ake ciki. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, Jidda kuwa tana gabas da Yamai da kusan digiri 37. Shi ya sa Hajiya za ta kira ta ce sun idar da magariba alhali mu rana ba ta faɗi ba.

Lissafi da labarin ƙasa ga su a takarda guda. Har da tarihi, in malami ya ja zare a kan taswira: layin ya ratsa Cadi da Sudan, inda kakanninmu suka bi da ƙafa shekara da shekaru, wasu suka zauna can har yau jikokinsu na jin Hausa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 jirage da yawa kewaye ƙasar suke yi, sai awoyin su ƙaru. Nan ma yaro zai ga cewa nisan taswira dabam, hanyar da aka bi dabam.

Amma mu har yanzu muna ba yara labarin jirgin ƙasa da ya bar gari A zuwa gari B, a Maraɗi ko Tawa inda yaro bai taɓa ganin dogo ba.

Iyaye, kada ku jefar da tsohon tikiti, ku rufe sunan ku ba yaro ya kai aji. Ni na kai namu ranar Litinin. Wata yarinya a bencin baya ce ta fara gano awa biyun da suka ɓace.