Tarin fuka da ciwon sukari: Jinkirin zuwa asibiti a Kano

Daga Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano zuwa Asibitin Zana, inda ake gwajin tarin fuka ana kuma ba da maganinsa kyauta, tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita-sahu. Amma mai tari yakan shafe makonni, wani lokaci watanni, kafin ya yi wannan tafiya.

A tsakani akwai kemis, akwai kuma masu maganin gargajiya da ke kafa lasifika a kan mota a bakin kasuwa da tashoshin Fagge da Sabon Gari. Galibi wurinsu ake fara zuwa.

Ƙa'idar likitoci ita ce, duk tarin da ya kai mako biyu a je a gwada majina. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mai cutar da bai fara shan magani ba zai iya yaɗa ta ga mutum 5 zuwa 15 cikin shekara guda. A unguwannin da ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya, ake kuma wuni a cunkushe a rumfunan kasuwa, jinkirin mutum ɗaya yakan shafi gida duka.

An samu ci gaba, babu shakka. A 2019 mutum kusan 120,000 ne aka gano suna da cutar a Najeriya, a 2023 kuwa adadin ya haura 350,000. Sai dai hukumar ta ƙiyasta cewa kimanin rabin miliyan ne suka kamu a wannan shekarar, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya yawan masu tarin.

Cututtuka biyu a jiki ɗaya

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne wajen masu ciwon sukari. Ciwon yana raunana garkuwar jiki, har haɗarin kamuwa da tarin fuka ya ninka sau biyu zuwa uku. Alamominsu kuma suna kama da juna: rama, kasala, jiki ba ƙwari. Wanda ya san yana da sukari, idan ya ga yana ramewa, sai ya ce sukarin ne ya tashi, ya ƙara yawan jiƙon da yake sha. Tarin kuwa a ɗora wa sanyi ko ƙurar hunturu.

Ko bayan an gano cutar, da sauran rina a kaba. Maganin tarin fuka na wata shida kyauta ne. Na sukari kuwa da kuɗi ake saye, ga gwajin jini a kai a kai, ga shi ba a daina sha. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta sa magungunan da ake shigowa da su, har da allurar insulin, sun ƙara tsada. Saboda haka majinyaci yakan karɓi na tari a asibiti, ya koma wa zogale da shuwaka da garafuni da hulba don sukari.

Matsalar ita ce idan sukari bai sauka ba, tarin yakan yi jinkirin warkewa, yakan dawo, kuma haɗarin mutuwa yana ƙaruwa. Ƙwayar rifampicin, wadda ita ce ginshiƙin maganin tarin, tana rage ƙarfin wasu ƙwayoyin sukari irin su glibenclamide. Magungunan tarin suna kuma wahalar da hanta, ballantana an haɗa su da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Shi ya sa tun 2011 WHO ta ba da shawarar a riƙa gwada sukarin masu tarin fuka, a kuma binciki masu sukari ko suna da tarin.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. A Asibitin Zana ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Mutanen Kano ba su manta ba. Ga kuma tsoron a ce wane yana da tarin fuka, musamman da yake ana haɗa gwajinsa da na ƙanjamau.

Misalin Filifins

Filifins, wadda ke gaban Najeriya a jerin ƙasashen da tarin fuka ya fi addaba, ta bi wata hanya. Ma'aikatar lafiyarta ta amince da tsirrai goma a matsayin magani, cikinsu har da ampalaya, ɗan'uwan garafuni, don masu sukari, kuma a 1997 ƙasar ta kafa dokar maganin gargajiya. Wannan bai kawar da jinkirin zuwa asibiti a can ba, amma aƙalla an fayyace wane tsiro ake nufi da yadda ake amfani da shi.

A Najeriya hukumar NAFDAC tana ba maganin gargajiya lamba, sai dai lambar shaida ce cewa an duba ba ya cutarwa, ba cewa yana warkarwa ba. Ana rubuta wannan gargaɗi da Turanci a jikin kwalba. Abin da ake ɗurawa a gorar ruwa a bakin tasha kuwa ko takarda babu a jikinsa.