Ruwa Ya Yi Gyara: Mu Auna Magana Da Zurfin Ruwa

A daminar 2020, da kogin Hadejia ya tumbatsa, na kira kawuna da ke noman shinkafa a wani ƙauye na yankin Auyo. Na ce, "Kawu, yaya ruwa?" Ya ce, "Ruwa ya yi gyara, ɗana, amma da sauƙi." Hankalina ya kwanta. Sai bayan kwana huɗu na je, na tarar gona ta zama tafki, rumbu ya zauna, iyali suna kwana a ajin makarantar firamare.

Kawu bai yi mini ƙarya ba, tarbiyyarmu ce haka. Ruwa rahama ne, ba a kiransa da mugun suna, shi ya sa ɓarnarsa ma ake ce mata gyara. Majinyacin da ba ya iya ɗaga kai ana cewa jiki da sauƙi. Wannan ladabi ne da tawakkali, kuma ba na son mu rabu da su.

A ranar da na je kuma, a tashar mota a Hadejia, na ji wani saurayi yana faɗa wa ɗan'uwansa a waya cewa, "Gari ya nutse, ko tsinke ba a fitar ba!" Alhali a bayansa masu kifi na ta ciniki. Tausayi ne ya sa shi zuzutawa, amma magana zarar bunu ce. Ranar da garin zai nutse da gaske, da wace kalma zai nemi agaji?

Mu mutanen fadama, maganarmu kan ruwa ba hira ba ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a wajejen Guri da Kiri Kasamma har zuwa Nguru, ruwa kuwa idan ya rasa hanya sai ya nemi ta cikin gari. A 2022 ma mun sake gani. A daren ambaliya, tsakanin "jinga ta ɗan tsattsage" da "jinga ta ɓalle" akwai rayuka. Ta farko matasa take kira su fito da buhunan ƙasa, ta biyu kuwa kwalekwale take nema a kwashe mata da yara. Mai sassautawa ya jinkirta taimako, mai zuzutawa ya kai shi inda ba a fi bukata ba.

Don haka kowace magana da muhallinta. Wajen jaje, mu tausasa harshe. Gaban dagaci ko hakimi ko jami'an agaji kuwa, mu faɗi gida nawa ne ya faɗi, gona nawa ce ta nutse.

Ni dai na sauya tambaya. Yanzu in na kira, bayan gaisuwa sai in ce, "Kawu, ruwan ya kai gwiwa ko ƙirji?"