Hannun Jari: Araha Ba Ta Ado

A kasuwar Gujungu babu mai sayen akuya don kawai ta yi araha. Sai ya duba haƙoranta, ya tambayi sau nawa ta haihu. Ƙannenmu, haka sayen hannun jari yake.

Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas, irin su Dangote Cement da bankin Jaiz, suna bayyana ribarsu duk wata uku. Wannan rahoton shi ne haƙoran akuyar.

Mu ɗauki misali. Hannun jari na naira 100 da ke samar da ribar naira 20 a shekara, cikin shekara 5 ya mayar da kuɗinsa. Na naira 10 mai ribar kwabo 50 kuwa, sai ya shekara 20. Wanne ne mai tsada?

A 2008 kasuwar ta faɗi, waɗanda suka ci bashi suka saya don ganin kowa na saye suka tafka asara. Saboda haka kafin mu tambayi yaushe za mu saya, mu fara koyon wannan lissafin, kuma kada mu taɓa kuɗin makaranta.