Wayar Salula Ta Kwana Wurin Iyaye

Ƴan'uwa maza da mata na Magarya da Dungas, yau maganarmu a kan wayar salula ce da ƴaƴanmu.

Waya ta shiga gidajenmu da alheri. Da ita manomin Bande ke jin kuɗin riɗi da wake kafin ya ɗaura wa amalanke. Da ita mai dabba a Dungas ke sanin yadda kasuwar Maigatari ta ci ranar Alhamis. Da ita ɗan cirani ke aiko da kuɗin cefane daga Kano ko Agadas. Ba mai cewa a jefar da ita.

Amma ga yadda abin ya kasance a gidaje da yawa. Uba ya sayi waya, bai iya karatu ba. Sai ya miƙa wa ɗansa na lakkol: karanta mini saƙo, sa mini kati, kai ta caji. Sannu a hankali waya ta koma hannun yaro. Ya kai ta rumfar caji, can a tura masa fina-finai da hotuna a cikin ɗan katin ajiya. Mai rumfa ba ya tambayar shekarunsa. Uba ya biya kuɗin, amma bai san abin da aka zuba ba.

Ɓarnar farko a jiki take. Matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare. Hasken waya a ido yana kore barci, kuma hoto ɗaya na jan wani har tsakar dare. Da safe yaro na gyangyaɗi a aji. Da damina ya fita noma jiki a mace, ko ya yi barci a gindin gawo awaki su shiga gonar maƙwabci. Game da ƙanana kuwa, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya. Daga shekara 2 zuwa 4, kada ya wuce awa ɗaya a yini. Uwar da ke ba jinjiri waya don ya bar kuka ta lura da wannan.

Akwai kuma baƙo. A WhatsApp da Facebook da TikTok, wanda yarinya ba ta taɓa gani ba zai yi mata sallama, ya aiko da kati kyauta, daga baya ya roƙi hotonta. Hoton da ya fita ba ya dawowa. Kamfanonin da kansu sun ce ba su yarda da wanda bai kai shekara 13 ba, sai dai yara na ƙara shekarunsu su shiga. Ƙasar Ostireliya ta hana ƴan ƙasa da 16 shiga irin su TikTok da Facebook tun Disamba 2025. A Nijar muna da dokar 2019 kan laifuffukan intanet, kuma a 2024 an mayar da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta waya. Saurayin da ya yaɗa abin kunyar wani, da sunan wasa, yana iya tsintar kansa gaban alƙali.

Ra'ayina shi ne, bulala ba ta maganin wannan. Yaron da aka doka ɓoyewa zai koya, ya ari wayar abokinsa. Abin da ya fi shi ne ƙa'ida ɗaya wadda kowa a gida ya sani: bayan sallar isha'i waya ta kwana wurin uba ko uwa. Kada ta kasance da lambar kulle wadda iyaye ba su sani ba. In za a kai ta caji, a cire katin ajiya, ko babba ya kai da kansa.

Ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci, yanzu kuna iya haɗa baƙi. Ku zauna da yaron, ku karanta sunayen da ke cikin wayar tare. Ku tambaye shi a hankali: wannan ɗan wane gida ne? Ku faɗa wa yarinya cewa in wani ya roƙi hotonta ko ya tsorata ta, ta zo ta faɗi, ba za a doke ta ba. Wanda karatunsa bai nuna ba tukuna, ya kawo wayar aji, malami zai nuna masa inda sunaye da saƙonni suke.